Darasi na 14: Bindiga, Kube da Ɗamara

Wannan darasi na masu gona da iyali ne. A aji irin namu akwai mai fita farauta in an gama girbi, akwai mai kwana sintiri tare da 'yan bangar unguwa, akwai kuma uwargidan da ta san akwai bindiga a turakar maigida amma ba ta san ko da ɗuri a cikinta ba. Za mu yi magana a kan makamin da mutum zai riƙe, da gidan da zai sa shi, da abin da zai ɗaura shi a jiki. Sai dai kafin a zo ga zaɓe dole a san abin da doka ta bari a zaɓa, don a nan ne mutanen kirki suke faɗawa hannun hukuma alhali ba su yi nufin cutar kowa ba.

Abin da ake gani a waya

Samarin Lausu da Rurum da Tarai, kamar na ko'ina, suna kallon bidiyon da Amurkawa ke sakawa a intanet. Sai ka ga ƙato ya baje ƙananan bindigogi a kan tebur, ya auna wannan a tafin hannu, ya gwada waccan a ƙugu, yana bayanin wadda ba za ta turo riga ba in an zauna a mota. Daga nan ya koma kan gidan bindigar, na fata ne ko na roba mai tauri, ya ƙare da ɗamarar da za ta ɗauki nauyin. A can doka ce ta ba shi dama. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, a watan Yunin 2022 kuma Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa wannan 'yanci ya haɗa da fita waje da ƙaramar bindiga don kare kai. Yau fiye da rabin jihohinsu 50 ba sa neman takardar izini ta musamman kafin mutum ya ɗaura ta ya rufe da riga. Abin da mai bidiyon ba ya kawowa shi ne yawan gawar da ake ɗauka. A 2021 kaɗai bindiga ta yi ajalin mutum 48,830 a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Bayan wani ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu, a 1997 aka hana farar hula mallakar ƙaramar bindiga kusan baki ɗaya. Dokarmu ta fi kusa da tasu, kuma ta riga tasu tsanani da shekaru masu yawa.

Kashi uku na doka

Dokar Bindigogi ta 1959 ta girmi 'yancin kan Nijeriya da shekara guda, har yau kuma da ita ake aiki. Ta kasa bindigogi kashi uku, kowane kashi da wanda ke ba da izininsa.

Kashin farko shi ne na haramtattu: igwa, roka, gurneti, bindiga mai jigida, da bindigogin soja irin masu cin harsashin milimita 7.62, wato dangin AK-47. A cikin wannan jeri ne, tare da gurneti da roka, aka rubuta ƙaramar bindiga, fistol ce ko libarba. Masu rubuta dokar ba su bar kafa ba, don har gajeruwar bindigar hannu ta toka, wadda maƙerin ƙauye zai iya haɗawa, sun ambace ta a ciki. Baturen 'yan sanda na Rano ba shi da ikon ba da izinin irin wannan, Kwamishina a Bompai ba shi da shi, Sufeto Janar ma ba shi da shi. Shugaban Ƙasa ne kaɗai. Wanda aka kama da ita ba lasisi, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Ku lura da kyau, ba sai ya harba ba, ba sai ya nuna wa kowa ba. Samunta a aljihunsa ko ƙarƙashin katifarsa ya isa. Ke nan tambayar wace fistol ce za ta fi ɓuya a cikin kaftani ba ta da mazauni a Lausu. Duk wanda ya zo muku da ita a ɓoye yana cewa ta kare kai ce, ku tambayi kanku inda ya samo ta, don irin wannan bindiga sau da yawa ta riga ta yi aiki a hannun wani, kuma ranar da aka kama ta a wurinku ku za ku amsa tambayar abin da ta aikata a baya.

Kashi na biyu shi ne na bindigar da mutum zai iya nema don amfanin kansa: bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda ake karyawa a sa harsashi da hannu, da doguwar bindigar farauta ta Turawa, da bindigar iska. Lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, riƙe su babu shi kuma yana iya kai mutum gidan yari har shekara 5. A nan akwai wurin da jama'a ke ruɗewa. Bindigar nan da ake jan hannunta baya a tura gaba ta ɗora sabon harsashi, wadda ake yawan gani a kafaɗar 'yan banga, dokar ta cire ta daga wannan kashi. A watan Fabrairun 2018 Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, ya ba da umarnin a karɓe haramtattun bindigogi a faɗin ƙasa, har da ita a ciki. Haka nan laifi ne a yanke bakin bindiga ya gaza inci 20, kusan santimita 51, don a samu a ɓoye ta cikin riga ko buhu.

Kashi na uku shi ne namu na gado: adaka, bindigar toka, harba-ka-ruga, duk wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wannan tana ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha, shi ke da ikon tsara yadda za a riƙe ta tare da amincewar gwamna. Kada wani ya ce ai ƙirar gida ce, ba ruwan hukuma da ita. Da ruwanta. Mai adaka ya je ofishin 'yan sanda na Rano ko na Kibiya ya tambayi takardar da ake bukata, ya tafi da Sarkin Baka ko mai unguwa in yana jin nauyin zuwa shi kaɗai. Maƙerin da ke ƙera ta ko gyara ta shi ma sai da izinin 'yan sanda.

Akwai kuma waɗanda doka ta ce ba a ba su lasisi ko wane iri ne: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin ido, mashayi, da wanda aka taɓa hukuntawa a cikin shekara 5 da suka wuce kan laifin da ya shafi duka ko barazanar duka. Maganar ido ta cancanci a tsaya a kanta. Dattijon da yanar ido ta fara kama shi, wanda da magariba ba ya bambance zomo da ɗan akuya, shi ne zai iya ɗaukar yaro mai tsugunno a bayan kalgo a matsayin nama. Ƙwarewar shekara arba'in ba ta maye gurbin ido.

Wani zai ce, Malam, to ba gwamnoni da kansu sun ce a nemi bindiga ba? Sun faɗa. A watan Agustan 2021 Aminu Bello Masari ya shawarci mutanen Katsina su tashi su kare kansu daga 'yan bindiga. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A watan Agustan 2023 kuma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar cewa an dakatar da ba da lasisi saboda makaman da ke hannun jama'a sun yi yawa. Ba wanda zai raina uzurin mutanen da ake kwashe wa shanu da 'ya'ya, kuma gaskiya ne hukuma ta gaza musu a wurare da dama. Amma jawabin gwamna a filin taro ba takarda ba ce, alƙali kuwa takarda zai nema.

Sai maganar gado, wadda ta fi shafar gidajenmu. Lasisi na mutum ne, ba na gida ba, ba ya kuma shiga rabon gado yadda gona da tufafi ke shiga. In mai lasisi ya rasu, doka ta ba magada kwana 14 su riƙe bindigar, bayan nan sai a kai ta wurin 'yan sanda ko a nemi sabon izini da sunan mai rai. Kwana 14 kuwa ko sadakar arba'in ba a kai ba. Babban ɗa ko ƙanin mamaci ya sa wannan cikin abubuwan da zai yi a makon farko.

Adaka: duba kafin ka saya

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihi ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki, kuma har gobe ana jin amon bindigoginsu a Hawan Sallah. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Brussels cewa a mafi yawan Afirka ba za a sayar wa 'yan ƙasa ba sai tsohuwar bindiga mai ƙyastu da albarushin kasuwa, su kuma su riƙe sababbin. Amfanin wannan gare su ya fito fili a Fabrairun 1903, lokacin da sojan Ingila suka fasa Bebeji, nan maƙwabtanmu, suka wuce suka ci Kano da igwa da bindiga mai ruwa. Abin da aka bar mana a wancan zamani shi ne maƙeranmu suka koya, shi ne kuma yake rataye a ɗakunan mafarauta yau.

Adaka tana da amfani ga mai gadin gona da mai neman zomo da zabin daji, amma ta fi cin mai ita fiye da yadda ake faɗi. Ku dubi hannayen tsofaffin mafarauta a kasuwa, za ku ga wanda yatsunsa ba su cika ba. In aka tambaya sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Allah ne mai ƙaddarawa, wannan ba musu, sai dai yawancin wannan tsautsayi yana da sanadin da ake iya gani da ido tun kafin ya faru.

Kada a yi cinikin biri a sama. A ga bindiga da rana, babu ɗuri a cikinta, a juya bututunta a hannu a hankali. In akwai layin walda a tsawonsa, alama ce bututun famfo ne aka yi da shi, wanda an yi shi ne don ruwa, ba don wuta ba, kuma ta wannan layi yake tsagewa. In akwai wurin da ya kumbura ko tsatsa ta ci ta yi rami, musamman kusa da gindi inda albarushi ke kamawa, a bar ta ko da kyauta ce. A duba inda ƙarfe ya haɗu da ƙota, kada ya riƙa girgiɗi, kada kuma a ga an naɗe tsaga da waya ko robar taya an shafa baƙin mai a kai. A ɗana kunama a buga gindin ƙotar da tafin hannu. In ta faɗa da kanta, to ranar da aka yi tuntuɓe da ita a kan kunya haka za ta faɗa.

Ga wata dabara mai sauƙi da ke ceton rai. Ranar da ka tabbata bindigar wayam take, zura sandar ɗuri har ta taɓa ƙasa, ka yi mata zane daidai bakin bututu. Daga ranar, duk lokacin da ka zura sandar ka ga zanen ya tsaya sama da baki, akwai abu a ciki. Da wannan ake kauce wa ɗuri kan ɗuri, wato mutum ya manta ya ɗura jiya ya sake ɗurawa yau, abin da ya fi komai fasa bindiga a fuskar mai ita. Kada a kwance harsashin zamani a zuba garinsa a adaka, ƙarfinsa ya fi abin da ƙarfenta zai ɗauka. Kada a zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora zuwa bakin bindigar da aka harba yanzu, don ɗan garwashi na iya saura a ciki, wutar kuma za ta biyo har cikin gorar da ke hannunka. A auna a ɗan mazubi dabam. In kuwa an ja kunama ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon inda aka saita, a jira. Albarushin da ya sha raɓa yakan yi jinkiri sannan ya kama, mai gaggawar leƙa bakin bututu shi yake tarar da shi.

Kube da ɗamara

Makami yakan yi wata a jikin mutum bai yi aikin minti biyar ba. Sauran lokacin duk ɗauka ne: a kafaɗa, a ƙugu, a bayan babur, a tsallaken rafi. A wurin ɗaukan nan ne yawancin raunuka ke faruwa, shi ya sa gidan makami da maɗaurinsa suke da muhimmanci kamar shi kansa. A nan kam Amurkawan nan sun faɗi gaskiya. Sharaɗinsu ga gidan bindiga shi ne ya rufe kunama ruf yadda yatsa ko bakin riga ba za su kai gare ta ba, ya riƙe ta kada ta zame, bakinsa kuma ya tsaya a buɗe ko an zare ta. Badukanmu sun san kwatankwacin wannan game da wuƙa da takobi tun kafin a ƙera libarba ta farko.

Ku je ku zauna wurin baduku, na nan gida ko na Ƙofar Wambai da Kurmi a birni, ku ga yadda saurayi ke zuwa yana cewa, "Baba, a yi mini kube ja mai tuntu, wanda za a gani a yaba." Tsohon ba zai ɗago kai daga basillarsa ba zai ce, "Ɗana, ina wuƙar? Ba a ɗinka kube da ka." Gaskiyarsa. Kuben kirki a jikin wuƙarsa ake auna shi. Ana fara fere ɓallin itace biyu sirara daidai faɗin ruwan wuƙar, a haɗa su, sannan a ja fata a kai tana da danshi, ta bushe ta kama. Itacen nan shi ke hana kaifi cin ɗinki, shi ke hana tsini huda gindin kube ya shiga cinya. Jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi tana da kyau da laushi, amma ta ado ce, a sama take zama. Inda nauyi zai rataya, wato madaukin da ɗamara ke bi ta ciki, fatar sa mai kauri ake so, ɗinki biyu.

Kafin ka biya, sa wuƙar a ciki ka kifa kuben ka girgiza. In ta faɗo, bai yi ba. In kuma sai ka sa hannu biyu ka yi kokawa kafin ta fito, shi ma bai yi ba, don a wajen fizga ne ake yanke yatsun hannun hagu. Matsa gefen da kaifi yake da babban yatsa, ka ji ko itace ne a ƙasa ko fata ce zalla. Da damina kuma a tuna fata tana riƙe laima. Wuƙar da ta kwana a jiƙaƙƙen kube da tsatsa take wayar gari. A zare ta, a goge, a shafa ɗan mai, a bar kuben ya sha iska a inuwa, ba a bakin murhu ba, don wuta tana sa fata ta ƙeƙashe ta tsage.

Zariyar wando ba ɗamara ba ce. Wannan ya kamata a rubuta shi a allo. Mutum ya soke tsirarar wuƙa ko adda a ƙugun wando ta gaba, ya hau babur, ya faɗa rami a hanyar Rano zuwa Kibiya, tsinin yana kallon matsematsinsa. A nan babbar jijiyar jini ta cinya take wucewa, in ta yanke kuwa jini na iya ƙarewa cikin 'yan mintoci, kafin a kai asibiti. Ɗamarar kirki faɗinta ya kai yatsa uku, in ka matse ta tsakanin yatsu daga sama da ƙasa ba ta lanƙwashewa. Bel ɗin kanti na roba mai kama da fata, wanda ake sawa don kwalliya, wata biyu yake yi ya saki, kube ya riƙa lilo yana juyewa. Mazaunin kube shi ne gefen ƙugu, ɗan baya kaɗan, tsini yana kallon ƙasa. Mahaya dawaki a Hawan Sallar Rano da hamila suke rataya takobi a kafaɗa, nauyin ya bar ƙugu gaba ɗaya. Doguwar bindiga ma haka take so: maratayi mai faɗi, ɗaure gam a wuri biyu, bakinta sama ko ƙasa, ba a kwance a kafaɗa tana kallon cikin na bayanka ba. A burgami kuma albarushi ya zauna a rufe, nesa da ashana da abin kunna taba.

Wuƙar aiki ma tana da wurin zuwa da wurin da ba ta zuwa. Gona, daji da mahauta wurarenta ne. Taron siyasa, filin ƙwallo, gidan biki da wajen kallon hawa ba nata ba ne, dokar tarurruka ta hana, kuma a wannan zamani na faɗan daba da ƙwacen waya ɗan sandan da ya laluba ya ji ƙarfe a ƙugunka ba zai tsaya jin cewa kai manomi ne ba. Addini ma ya riga doka. Hadisi ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami.

A gida, bindiga ta kwana babu ɗuri, a cikin akwati mai kwaɗo, albarushi a wani wuri dabam. Ratayewa a ƙusa ko sokewa a azara ba ajiya ba ce, yaro ɗan shekara takwas ya san inda turmi yake da zai taka. Matan aji, wannan naku ne: kuna da haƙƙin tambayar maigida ko akwai ɗuri a ciki, don ku kuke wuni da yaran.

Tafiya da makami

Ranar Alhamis 27 ga Maris 2025, saura 'yan kwanaki Ƙaramar Sallah, wasu mafarauta 'yan Jihar Kano suna dawowa gida daga Jihar Ribas a cikin babbar mota. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan banga suka tare su, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Da yawansu mutanen Torankawa ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure, wadda take masarauta ɗaya da Rano da Kibiya. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo har Kano ta'aziyya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya raka shi wurin iyalan. Allah ya jiƙansu.

Alhakin wannan jini yana kan waɗanda suka zubar da shi, babu wata takarda ko rashinta da ta halatta kisan matafiyi. Amma tunda 'yan'uwanmu ba za su daina fita neman abinci kudu ba, dole a faɗi abin da ke rage haɗari. Bindigar da kowa a Lausu ya san ta harbin zomo ce, a garin da ba a san ka ba abin tsoro ce. Mai doguwar tafiya ya riƙe takardar bindigarsa da katin shaidar ɗan ƙasa da na ƙungiyar mafarauta a jikinsa, ba a ƙasan buhu ba. Shugaban tawaga ya sanar da ofishin 'yan sanda na inda aka taso, ya nemi rubutacciyar shaida. Bindigogi su kasance babu ɗuri, a naɗe wuri guda, a kuma faɗi cewa akwai su tun kafin a fara bincike. In akwai amintaccen wurin ajiya bisa doka a can inda ake farautar, barin su ya fi yawo da su a kan titi. A kusa da gida ma haka ne, dajin Falgore gandun namun daji ne na gwamnati, shiga da bindiga laifi ne.

Ɗaya gefen darasin na 'yan bangarmu ne, don wata rana ku ne za ku tsaya a kan hanya da tocila, baƙo ne zai zo da makami. Aikinku ku tsare shi ku kira 'yan sanda, ku kuma tsaya tsakaninsa da taron jama'a. Kalmar ɓarawo in ta fita daga baki ɗaya a cikin dare, ba mai iya mayar da ita.

Game da kare kai, sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 da kundin Final Kod da kotunanmu ke aiki da shi sun yarda mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, da sharaɗin kada ƙarfin da ya yi amfani da shi ya wuce abin da halin ya bukata, kuma babu sararin neman hukuma. Harbin ɓarawon masara da ya juya baya yana gudu ba ya cikin wannan. Ko kotu ta wanke mutum a kan kare kai, tana iya ɗaure shi a kan bindigar da ya riƙe ba lasisi, don shari'a biyu ce dabam.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Kowace ƙungiya ta rubuta sunayen bindigogin da ta taɓa gani a ƙauyenta, ta sa kowace a kashin da doka ta ajiye ta, ta rubuta wanda ke ba da izininta.

Wani ya rasu ranar 3 ga wata ya bar bindiga mai baki biyu da lasisinta. Zuwa wace rana magada za su iya riƙe ta? Rubuta gajeruwar wasiƙa zuwa ga baturen 'yan sanda, da sunan babban ɗan mamacin, kana sanar da shi.

Mako mai zuwa kowa ya zo da kube ko ɗamarar da yake aiki da ita, ban da wuƙar. Za mu auna faɗinsu da rula, mu duba ɗinkin, mu ware waɗanda za a mayar wa baduku.